Kowa da Makullinsa: Yadda Muka Raba Ɗakuna a Cikin Kwamfuta Ɗaya

Wannan makon layi ya zo kanmu, mu masu sana'ar ɗaukar hoto da bidiyon biki. Mun san wasu za su zaci kyamara za mu tattauna ko farashin aiki, amma maganar makulli muka zo da ita. Idan mutum tara suna aiki a kan fayiloli iri ɗaya, kuma a waje akwai wasu da dole sai an miƙa musu wani ɓangare na aikin, wa ya kamata ya ga me? Duk wanda ke da ɗan ofis, ko makaranta, ko shagon buga takardu, ko ƙungiyar da ke ajiye takardun mutane, wannan tambayar tasa ce, ko da bai taɓa riƙe kyamara ba.

Bari mu fara da bayanin aikinmu don a gane abin da ke cikin tukunyar. Mu tara ne a shago ɗaya a Kano: dattijon da ya kafa shagon, maza uku masu ɗauka, mata biyu masu ɗauka, masu tacewa biyu, sai yaron da ke koyon aiki. Matan nan biyu su ne jarinmu na gaskiya. Gidaje da yawa ba sa yarda namiji ya shiga wajen kamu ko sa lalle ko wunin mata, kuma ba shigar kaɗai suke gudu ba, ba sa so ido namiji ya sauka a kan hotunan ko bayan an gama. Uwar amarya za ta zaunar da mu ta ce mace ta ɗauka, mace ta tace, mace ta kawo. Mu ce mun ji, mun ɗauki alƙawari. Kuɗin da ake biyanmu a irin wannan aiki rabinsa na wannan alƙawarin ne.

Sai kuma nauyin kayan. Hoto ɗaya ɗanye daga kyamara mai megafiksel 24 yakan kai megabait 25 zuwa 30, kuma biki ɗaya sai a ɗauki dubbai. Bidiyon 4K da ake ɗauka a kan megabit 100 a daƙiƙa yana cin gigabait 45 a awa ɗaya. WhatsApp ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 2, kuma idan ba a matsayin takarda ka tura hoto ba sai ya matse shi ya rage masa kyau. Don haka shekara da shekaru filash da memori ne ke yawo a aljihu, daga mai ɗauka zuwa mai tacewa, daga mai tacewa zuwa tasha, a ba direba ya kai Kaduna wajen mai buga mana albam. Da aiki ya yi yawa sai muka yanke shawarar ajiye kwamfuta ɗaya a shago, a jona ta da inbata, a sa mata manyan faifan ajiya, kowa ya riƙa ɗorawa yana saukewa. Irin wannan kwamfutar ce ake kira saba. Kamfanin da ke ba mu intanet ya ba mu adireshi tsayayye da ƙarin ɗan kuɗi, don na nesa ma su iya isowa gare ta. Kaya masu nauyi ta waya ake zuba su a cikin shago, na waje kuma zaɓaɓɓun hotuna kawai suke ja.

Hanya mafi sauƙi, wadda kusan kowa ke bi, ita ce a buɗe asusu ɗaya, suna ɗaya, kalmar sirri ɗaya, a rubuta a takarda a manna a bango. Minti biyar an gama. Abin da ya hana mu bin ta shi ne abin da muka gani ya faru a wani shago da ke kusa da mu. Hoton wata amarya, wanda aka ɗauka a cikin ɗaki kafin ta yafa mayafi, ya ɓulla a waya yana yawo. Dangi suka zo da zafinsu. Mutum bakwai ne ke da kalmar sirrin wannan shagon, har da wani da ya bar aiki da daɗewa ba a canza ta ba. Ba wanda ya iya nuna wanda ya yi, kuma ba wanda ya iya wanke kansa. A ƙarshe aka sallami yaron shago, don shi ne ba shi da kowa. Wataƙila shi ne, wataƙila ba shi ba ne. Sauran shidan kuwa har yau ana kallonsu da wutsiyar ido. Ana cewa zato zunubi ko da ya zama gaskiya, to kalmar sirri ɗaya a hannun mutum bakwai masana'antar zato ce.

A cikinmu akwai mai tacewa ɗaya da ya karanci kwamfuta, shi ya ɗora wa na'urar Ubuntu, shi ya kuma fara warware mana sunayen. Tsohuwar hanyar aika fayil tsakanin kwamfutoci ita ce FTP. Abhay Bhushan ne ya rubuta bayaninta na farko a 1971 yana MIT a Amurka, kuma tsarin da ake bi har yanzu Jon Postel da Joyce Reynolds suka fitar da shi a 1985. A wancan zamanin masu amfani da irin wannan sadarwa 'yan jami'a ne da cibiyoyin bincike, kusan an san juna, shi ya sa FTP ke aika sunanka da kalmar sirrinka a fili, duk wanda ya tsaya a hanya zai iya karantawa. Chrome da Firefox duk sun daina karɓarta a 2021. Wadda muka ɗauka ita ce SFTP, wadda ke tafiya a cikin SSH. Shi SSH wani ɗan Finlan ne, Tatu Ylönen, ya ƙirƙiro shi a 1995 bayan an kama wata manhaja tana tsintar kalmomin sirri a sadarwar jami'arsu. Sunayen sun yi kama, amma FTP da SFTP ba uwa ɗaya ba uba ɗaya. FTP na jira a ƙofa ta 21, SFTP a ƙofa ta 22, kuma duk abin da ya bi ta 22 a curkuɗe yake tafiya. Ga mai amfani kuwa ba wani bambanci: ya buɗe FileZilla ko WinSCP, ya ga kwamfutarsa a hagu, saba a dama, ya ja fayil ya ajiye.

Yanzu ginin gidan. Kowane mutum an buɗe masa asusunsa da sunansa, an hana asusun damar ba na'ura umarni, aikinsa ɗora fayil da sauke fayil kawai. Sannan aka zuba duk waɗannan asusun a rukuni ɗaya, aka rubuta wa OpenSSH 'yan layuka cewa duk ɗan wannan rukunin da ya shigo a kulle shi a cikin foldarsa. Umarnin da ke yin wannan sunansa ChrootDirectory, ya shigo OpenSSH a 2008, amma dabarar kanta tana cikin Unix tun 1979. Abin da take yi ya fi kulle ƙofa. Tana sa mutum ya ga ɗakinsa tamkar shi ne gidan gaba ɗaya. Idan ya danna komawa baya, ba baya. Bai ga ƙofar maƙwabcinsa a kulle ba balle ransa ya raya masa me ke ciki, bai ma san akwai ƙofar ba. Mun ga hikimar wannan sosai, don a gidajenmu ma rubutun “ba a shiga” da ke bakin zaure yakan ƙara wa yaro son leƙe ne.

Akwai wani sharaɗi a nan da ke ɗaure wa kusan kowa kai ranar farko, gara mu faɗe shi don ya rage wa wani wahala. Foldar da aka kulle mutum a ciki ba za ta zama mallakarsa ba. Dole ta zama ta root, wato babban asusun da ke mulkin na'urar, kuma kada wani ya iya rubutu a cikinta, haka duk foldojin da ke samanta. Idan aka saɓa, mutum zai sa kalmar sirrinsa daidai amma a koro shi nan take, sai ka duba rajistar na'ura ka ga tana ƙorafin mallaka. Mafita ita ce a yi ƙananan foldoji a ciki, su ne za a mallaka masa. Kamar gidan haya ne: katanga da ƙofar gida na mai gida, ɗakin ciki na ɗan haya.

Izinin kansa da lamba ake rubuta shi, kuma lissafin bai kai na 'yan firamare wuya ba. Karantawa 4, rubutawa 2, shiga ko wucewa 1. Ana tara su, a rubuta sau uku: na mai abu, na 'yan rukuninsa, na sauran jama'a. Wato 7 komai da komai, 5 ka shiga ka karanta amma ba ka taɓawa, 0 ba ruwanka. Folda mai 750 mai ita yana yin yadda ya so, 'yan rukuni suna kallo suna saukewa, na waje ko ƙofa ba za su wuce ba. Mai 770 kuwa 'yan rukuni ma suna rubutu. Idan kuka ji wani ya ce “a sa 777 kawai a huta”, ku sani cewa ya ce a cire ƙyauren a jingine a bango.

Abin da ya fi ba mu mamaki a duk karatun nan shi ne maganar gogewa. Mutum zai ɗauka idan an hana shi rubutu a kan fayil, an hana shi goge shi ke nan. A Linux ba haka ba ne. Ikon goge fayil yana bin izinin foldar da yake ciki. Duk wanda ke da izinin rubutu a folda zai iya share duk abin da ke cikinta, ko da fayil ɗin na wani ne, ko da shi bai isa ya buɗe shi ba. Ku kwatanta wannan da foldar da masu ɗauka biyar ke zuba aikin biki ɗaya, ƙarfe ɗayan dare, kowa ya gaji, ido na rufewa. Maganinsa wata lamba ce da ake ƙarawa a gaba: idan aka sa 1, sai ya zama ba mai goge fayil sai mai shi ko mai foldar. Akwai kuma 2, wadda ke sa duk sabon fayil da ya shigo ya gaji rukunin foldar, don kada wani ya ɗora aiki abokin aikinsa ya kasa buɗewa. Foldarmu ta haɗaka 3770 ce, wato an haɗa biyun. Lamba huɗu kacal, amma ta kashe rigimar da da za ta iya raba zumunci.

Za ku ce, idan kowa a kulle yake a ɗakinsa, ta ina haɗakar take shigowa? Gajeriyar hanyar da aka saba yi daga folda zuwa folda ba ta aiki a nan, don tana nuni ne zuwa wurin da na kulle ba ya gani. Abin da ake yi shi ne a ɗauko foldar haɗakar a liƙa ta a cikin ɗakin duk wanda ya cancanta, da umarnin mount mai bind, a kuma rubuta shi a fayil ɗin fstab don kada ya ɓace idan wuta ta ɗauke na'ura ta sake tashi. A garinmu wannan na ƙarshen ba abin mantawa ba ne. Da haka folda ɗaya take bayyana a ɗakuna biyar, ba tare da an kwafe ta sau biyar ba. Mai buga albam na Kaduna folda ɗaya tak yake gani, mai ɗauke da shafukan da aka gama tsarawa, kuma saukewa kawai yake iya yi. Mai biki ma haka, foldar bikinsa kawai.

Duk wannan da muka lissafa yini biyu ya ci. Abin da ya ci mako uku takarda ce guda ɗaya. Mun ja layi, sunayen mutane a gefe, sunayen foldoji a sama, muka ce a cike kowane gurbi: karantawa, rubutawa, ko babu. Nan aka gane cewa tambayar ba ta kwamfuta ba ce. Mai ɗauka ɗaya ya ce shi shekararsa goma sha ɗaya a shagon, yau za a ce akwai inda ba zai shiga ba? Aka ce masa foldar takardun kuɗi da lambobin wayar masu biki me zai yi da ita? Ya ce ba abin da zai yi, amma hanawar ce ta yi masa ciwo. Kuma gaskiyarsa, da ciwo. Mu mutane ne da ke auna matsayi da yawan makullin da ke aljihu.

Da aka zo kan foldar mata sai ɗakin ya yi tsit, don gurbin farko a layin na dattijonmu ne. Shi ya sayi na'urar, shi ke biyan haya, shi ya koya wa rabinmu riƙe kyamara. Wa zai rubuta “babu” a gaban sunansa? Babbar cikin matan ce ta yi ƙarfin hali.

Ta ce, “Baba, ka gafarce ni. Idan uwar amarya ta tambaye ni ko akwai namijin da zai iya buɗe hotunan 'yarta, so nake in ce babu, in faɗa ba tare da na sunkuyar da kai ba.”

Ya ce, “Ke yanzu ni kike zargi, 'yar nan?”

Ta ce, “Allah ya tsare ni, Baba. Ranar da wani abu ya fita, ba na so a ko ambaci sunanka. Idan ba ka da makulli, ba mai cewa ka shiga.”

Ya yi shiru, ya karɓi biron, ya rubuta “babu” da hannunsa a gurbinsa. Daga nan sauran gurabun ba su ɗauki rabin awa ba, don ba wanda zai ce ya fi Baba. Mai shekara goma sha ɗayan ma ya ce a cire masa foldar kuɗi, ya huta da ranar da lissafi zai ƙi daidaita.

Masana tsaron kwamfuta suna da suna ga wannan. Jerome Saltzer da Michael Schroeder sun rubuta shi a 1975 a cikin ƙa'idojin da suka jera: a ba kowane mai aiki mafi ƙarancin ikon da aikinsa ke bukata. Yawanci ana bayyana ƙa'idar a matsayin kariya ga kayan da aka ajiye. Mu abin da muka gani a shagonmu shi ne ta fi kare mutanen. Yaronmu mai koyon aiki ya fi kowa murna da tsarin, don ya san labarin takwaransa na wancan shagon.

Amma akwai rami ɗaya da ba za mu ɓoye muku ba, kuma duk wanda ya ce muku izinin folda ya toshe shi bai faɗi gaskiya ba. Root ba ya jin lamba. Wanda ke riƙe da babban asusun na'ura yana iya buɗe kowace folda, ko 700 ce ko sifili uku. Kuma duk wanda ya kwance faifan ajiya ya jona a wata kwamfutar, izinin nan ba zai tare shi ba. Mai riƙe da root ɗinmu namiji ne. Shi da kansa ya taso da maganar, ya ce kada a dogara da kunyarsa. Abin da aka yi shi ne matan suna naɗe aikinsu da 7-Zip kafin su ɗora, da kalmar sirrin da su biyu kaɗai suka sani, har sunayen fayilolin a rufe. Manhajar kyauta ce, kuma da AES-256 take kullewa. Tacewar ma a kwamfutar ɗaya daga cikinsu ake yi, don ta koyi aikin musamman saboda wannan. Abin da ke kan saba dunƙule ne da ba mai gane kansa. Yana ƙara musu aiki, naɗewa da warwarewa na cin lokaci, kuma idan suka manta kalmar ba wanda zai iya ceto su. Sun ce sun ji sun gani. Kalmar sirrin root kuma an rubuta ta an rufe a ambulan tana wurin Baba, saboda rai da ajali, kuma an hana shiga da root daga waje gaba ɗaya.

Wannan hanin na ƙarshe ba ƙawa ba ne. Duk na'urar da ta buɗe ƙofa ta 22 ga intanet, cikin 'yan awoyi za ka ga baƙi a rajista, manhajoji daga ƙasashe daban-daban suna gwada root da admin da kalmomin sirri na banza, dare da rana. Ba mu suke nema ba musamman, kowace ƙofa suke turawa su ji ko a buɗe take. Mun sa fail2ban, wadda ke korar duk adireshin da ya yi kuskure sau da yawa a jere. 'Yan cikin gida kuma da mabuɗin SSH suke shiga maimakon kalmar sirri, wato fayil biyu ne ma'aurata, ɗaya a saba, ɗaya a kwamfutar mutum ba ya barinta. Masu biki ne kawai muke bari da kalmar sirri, don ba za ka zaunar da ango ana saura kwana uku tarewa kana koya masa mabuɗi ba.

Sai rajista. An saita saba ta riƙa rubuta wane asusu ya shiga, daga wane adireshi, ƙarfe nawa, wane fayil ya buɗe, wanne ya goge. Ga waɗanda za su gwada: tunda mutum a kulle yake, wani lokaci sai an yi wa rajistar 'yar hanya a cikin ɗakin nasa kafin rubutun ya isa inda ake tarawa, ku tabbatar tana rubutawa tun kafin ranar bukata. Mu ranar bukatarmu ta zo bayan wani biki, da wani hoton ango da amarya ya bayyana a Instagram kafin iyali su ba da izini. Ba daga foldar mata ya fito ba, na wajen dina ne, amma duk da haka yayan amarya ya zo shago ransa a ɓace, yana cewa yaranmu ne. Ba mu yi musu da shi ba. Aka ba shi kujera da ruwa, aka buɗe rajista a gabansa. Bayan mai tacewa ya ajiye hoton, asusu ɗaya ne ya taɓa shi: asusun da muka buɗe wa iyalin, da daddare, daga adireshin da ba na shagonmu ba. Ya yi waya biyu a tsaye a bakin ƙofa, ya gano ango ya tura kalmar sirrin a zauren abokansa don su zaɓi nasu hotunan. Ya dawo ya ce, “Malamai, ku yi haƙuri.” Yaronmu yana gefe yana goge gilashin kyamara, ba wanda ya ko kalle shi.

Kada dai a ɗora wa rajista abin da ba za ta iya ɗauka ba. Asusu take nunawa, ba ta nuna hannun da ke kan madannai. Idan ka ara wa abokin aikinka makullinka don nasa ya ƙi buɗewa, duk abin da ya yi da sunanka aka rubuta. Wannan ɗabi'ar ta “ɗan ba ni naka in yi sauri” ita ce babbar abokiyar gabar tsarin, kuma ba a kashe ta da lamba, sai da yawan faɗa da kuma saurin gyara wa mutum nasa idan ya samu matsala. Haka kuma duk fayil ɗin da ya sauka a wayar wani ya fita daga hannunmu har abada.

Rufe asusu ma aiki ne da ake mantawa. Na masu biki tun ranar buɗewa ake sa masa ranar mutuwa, kwana talatin, ya rufe kansa ko mun tuna ko ba mu tuna ba. Idan ɗaya daga cikinmu ya tashi buɗe nasa shagon, ranar da aka yi masa addu'a aka sallame shi ranar ake rufe asusunsa, a gabansa, yana dariya muna dariya. Ba sai an canza wa mutum takwas kalmar sirri ba, kuma ba sai an yi abin a ɓoye kamar ana korar ɓarawo ba. Ga masu son jin ta fuskar doka, tun watan Yunin 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan mutane da hukumar da ke kula da ita, kuma hoton da za a iya gane mutum da shi yana cikin bayanan da ake nufi. Ko da dokar ba ta zo ba, iyayen amare sun riga ta.

Mun san wani zai ce duk wannan wahalar ta mece ce, ga Google Drive? Ba mu da faɗa da shi. Ga wanda kayansa takardu ne da 'yan hotuna, ya wadatar, kuma gigabait 15 na farko kyauta ne. Mu awa ɗaya ta bidiyo ta ninka wannan sau uku, ga tsadar data, shi ya sa muka ajiye namu a gida. Amma takardar nan mai layi-layi ba ta canzawa ko ina ka je. A can ma akwai mai kallo da mai gyarawa, akwai raba wa mutum da adireshinsa, akwai kuma zaɓin “duk mai mahaɗin ya shiga”, wanda shi ne kalmar sirrin da aka manna a bango, sai dai bangon ya fi faɗi. Kuma a ko'ina, izini ba ya maye gurbin kwafin ajiya. Namu kwafin yana kan wani faifai daban da ba asusun da ke ganinsa, ana jona shi a kwafa a cire.

Abu ɗaya ne har yanzu ba mu daidaita a kai ba: tsawon lokacin da dunƙulen mata zai zauna a saba bayan an miƙa aiki. Matan sun ce wata shida a goge, don abin da babu shi ba ya fita. Baba ya ce a bari, don ya sha ganin mace ta dawo bayan shekara biyar, waya ta ɓata, albam ya jiƙe, mahaifiyarta ta rasu, kuma hotonta na ƙarshe da ita na ranar kamu ne. Kowannensu ya kawo sunayen mutanen da ya gani da idonsa. A yanzu dai mun ƙara layi ɗaya a takardar karɓar aiki, uwar amarya ce ke zaɓa: a goge bayan wata shida, ko a ajiye. Yawancinsu sai sun ɗaga kai sun tambayi wa zai riƙe makullin kafin su sa hannu.